Rakiyar Tambaya Kowace Safiya

Asabar, 8 ga Agusta 1998, bayan Azahar

Wannan littafin ragowar rajistar 'yan makaranta ne da na taho da shi gida ranar da na ajiye aikin hedimasta. Shekara tara yana ƙasan akwati. Yau na ɗauko shi don ina son yin magana, kuma wadda na saba yi wa magana shekara arba'in da uku, maganar tata ce.

Matata Tambaya tana ɗaki. Ta ci tuwo da rana, ta ce miya ta yi daɗi, ta ce wa ya yi. Fiddausi ce ta yi, matar ɗanmu Dalhatu, amma ba ta amsa ba. Tun ranar Laraba ba ta hira da surukarta. Da safe takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta kamar yadda ta saba, ta tashi ta tafi. Ban ga laifinta ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Laraba ba. Jikata Zulai, 'yar Fiddausi, tana nan lafiya, alhamdu lillahi. Ga ta can tana bin kaji da murfin tukunya. Wannan ya isa.

Lahadi, 9 ga Agusta, da hantsi

Dalhatu ya sa wa ƙofar gida kwaɗo ta ciki. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurin Fiddausi. Gidan da na gina a Tudun Wada tun ana noma gero a bayansa, yau sai an buɗe mini nake zuwa masallaci. Na ce masa, "Ni fa?" Ya ce, "Baba, kai ba ka iya hana ta komai." Gaskiya ya faɗa.

Litinin, 10 ga Agusta, da yamma

Sau huɗu ta tambaye ni ina zanen goyonta mai ruwan ƙasa. Na ce yana wanki. Ba ya wanki. Fiddausi ce ta ɗauke shi.

Laraba, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Mako guda cif.

Yau Tambaya ta kira sunan Dalhatu. Yana alwala a tsakar gida, ta leƙo ta ce, "Dalhatu, miƙo mini mahuci." Saura kaɗan buta ta suɓuce masa. Shi ne ɗan fari, shekara takwas muka yi muna jiransa, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. "Wancan" take cewa, ko "mai mota". Bafillatana ce, a ruga ta tashi, kunyarta ta fi ta kowa. Ya miƙa mata maficin, ya fita bai ƙarasa alwalar ba. Na same shi a zaure yana share ido da hannun riga. Shekararsa talatin da biyar, yau ya fara jin sunansa a bakin uwarsa, ita kuwa ba ta san ta faɗa ba.

Alhamis, 13 ga Agusta, bayan Magariba

Dalhatu ya dawo daga tasha da magana. Abokansa direbobi sun ce masa iska ce, kuma akwai wani mutum a wani ƙauye gaba da Bungudu da ke fitar da irin wannan. Wata uku ake barin mutum a can, ba a zuwa dubiya. Na taɓa jin labarin irin gidajen. Na ji ana sa mari a ƙafa.

Na ce a fara zuwa asibiti. Ya ce asibiti ba su san wannan ba. Na ce ko ba su sani ba, su faɗa da bakinsu. Mun daɗe. Ba faɗa muka yi ba, yaron nan tsoro ne ya cika shi, ina gani a idonsa. A ƙarshe ya ce, "To Baba, zuwa ƙarshen Satumba. In ba a ga sauƙi ba, zan kai ta."

Tunda aka kawo mini ita ba mu taɓa raba gari na fiye da kwana goma ba.

Asabar, 15 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Tana zaune tana kallon indararo. Ni ina kallonta.

Litinin, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Mun je asibiti. Likitar da muka samu ashe Ummulkhairi ce, yarinyar da na koyar a aji biyar a Wanke, mai zuwa makaranta da gyaɗa a ɗaure a gefen zane. Ta tashi daga kujerarta ta durƙusa ta gaishe ni, har na ji nauyin masu jiran layi.

Ta auna Tambaya, ta ce jininta ya hau. Sannan ta faɗa mata kalmomi uku, tukunya, akuya, lemo, ta ce ta riƙe. Suka yi hirar wasu abubuwa. Da ta dawo kan kalmomin, akuya kawai ta rage. Tambaya ta yi dariya ta ce, "Ai akuya ba ta ɓace wa Bafillatana." Ni ban iya dariyar ba.

Ummulkhairi ta juyo gare ni. "Malam, yaya take yini?"

Na ce a zaune.

"Daga safe?"

Na ce daga safe har a kwanta.

"Tun yaushe?"

Sai da na ƙirga. Shekara shida. Tun da gwiwa ta fara damunta, Dalhatu ya yi aure, ya jawo famfo cikin gida, muka taru ni da 'ya'yanta muka ce Inna ta sha wahala, yanzu ta huta. Muka karɓe kasuwa, muka karɓe ɗiban ruwa, muka karɓe tsintsiya. Matar da na fara gani a kasuwar Bungudu da ƙwarya uku ta nono a ka, ta tako daga rugarsu tun rana ba ta fito ba, kuma da ƙafa za ta koma. Mu muka zaunar da ita a kan tabarma, don ƙauna.

Ummulkhairi ta ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, kai ka hana mu ƙarya. Irin wannan mantuwa ba ni da ƙwayar da ke mayar da ita baya. Zan ba ta maganin hawan jini. Amma ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, kuma motsin ƙafa yana taimakon jinin ya kai gare ta. Tsohon da ke tafiya kullum, yana ganin mutane, yana koyon sabon abu, sau da yawa tasa mantuwar ba ta saurin ci gaba. Ku riƙa fita da ita kowace safiya. Ku fara da kaɗan. Kada ta fita ita kaɗai, amma don Allah kada ku kulle ta."

Talata, 18 ga Agusta, da yamma

Dalhatu ya ce a'a. Ya ce fita ce ta jawo abin da ya faru. Na aika wa ƙanwarsa Luba saƙo Tsafe ta hannun wani direba.

Alhamis, 20 ga Agusta, bayan La'asar

Luba ta zo da motar farko. Ta ajiye ɗinkin mutane ta taho. Ta shiga ɗakin wanta, na ji muryarta tana hawa tana sauka kamar keken ɗinkinta. Ban ji duka ba, na dai ji ta ce, "Yaya, ko ɗan maraƙi ana kwance shi ya sha iska." Da ta fito ta sa mini makulli a hannu.

Ta kawo wa uwarta takalmin kambas fari. Tambaya ta juya shi ta ce, "Ƙwallo za ni bugawa?" Ta tura shi ƙarƙashin gado. Silifa za ta sa.

Juma'a, 21 ga Agusta, da hantsi

Mun fita.

Bayan gari ya yi haske na ce ta ɗauko mayafi. Ta ce ina za mu. Na ce rakiya za ta yi mini. Ta ce, "Mi ya samu ƙahwarka da sai an raka ka?" Amma ta tashi.

Matsala ta farko, a bayana take tafiya, kamar yadda ta saba tun muna da ƙuruciya. Ni kuwa duk taku biyar sai na waiwaya. Na ce ta dawo gefena. Ta ce a tsakiyar unguwa? Ta rufe baki da mayafi. Arzika mai shayi ya hango mu, ya ɗaga ludayi ya ce, "Malam Yahaya, ina za ka da amarya da sassafe haka?" Duk masu zaune a bencinsa suka yi dariya. Na ce yawon amarcin da ba mu samu yi ba ne muke ramawa. Tambaya ta ce mini a hankali, "Tsufa ya ɓata ka."

Iyakarmu bishiyar darbejiyar bakin masallacin Juma'ar unguwa. Ta dafa ta tana haki. Ba ta fi taku ɗari uku daga ƙofarmu ba. Na kau da kai ina gyara hula don kada ta ga fuskata.

Lahadi, 23 ga Agusta, da safe

Darbejiya da dawowa. Gwiwa ta kumbura, na gasa mata da ruwan zafi. Tawa ma ta kumbura, ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 25 ga Agusta, bayan Azahar

Mun wuce darbejiya, mun kai kemis. Na rubuta sunanta da sunan unguwa da nawa a takarda, zan maƙala mata a mayafi da fil, ko da tsautsayi. Ta riƙe hannuna. Ta ce, "Buhun dawa ce ni da za a rubuta mini suna a sa a mota?" Na ce don in an rabu ne. Ta dubi takardar ta ce, "To mi ka rubuta? Shekara nawa kana karantar da ɗiyan mutane, ni ko baƙi guda ba ka nuna mini ba."

Yaran da suka bi ta hannuna sun fi dubu uku. Ban taɓa tunanin tana so ba. Ban taɓa tambayarta ba.

Na nuna mata harafin farko na sunanta. Na ce sanda ce aka ɗora wa wata sanda a ka. Ta ce, "Mai tallan nono ke nan da ƙwarya." A hanyar dawowa ta gano shi a allon tela, ta nuna da yatsa kamar ta ga 'yar garinsu.

Laraba, 26 ga Agusta, da safe

Ta manta harafin. Na sake nunawa.

Alhamis, 27 ga Agusta, bayan Magariba

Rana mara daɗi. Sau uku ta yi sallar Azahar. Ta zuba gishiri a koko. Da yamma Zulai ta rugo ta faɗa jikinta tana cewa "Inna goyo", Fiddausi ta fito da gudu da hannu duk gari, ta ɗauke yarinyar. Tambaya ta dube ni ta ce, "Mi na yi wa yarinyar nan ne, Malam?" Na ce ba komai, aiki ne ya yi mata yawa.

Ba ta san abin da ya faru ba. Mun haɗa baki ba wanda zai faɗa mata. Ban sani ba ko daidai muka yi.

Litinin, 31 ga Agusta, da hantsi

Kwana goma sha ɗaya muna fita, sau biyu kawai ruwa ya hana mu. Yau mun kai titin jirgi. Tana ƙirga katakon layin da Fillanci, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, ta koma farko. Rabon da in ji Fillanci a bakinta tun rasuwar mahaifiyarta. Hakin ya ragu. Tana dawowa ta ce yunwa take ji, ta cinye ƙosai bakwai. Barcin rana ma ya ragu, na dare ya ƙaru.

Ta sa kambas ɗin, saboda taɓo. Ta ce kada in faɗa wa Luba.

Laraba, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Halin malanta ba ya barin mutum. Na lura da wani abu, na gwada shi kwana biyar. Harafin da na koya mata da yamma tana zaune a tabarma, kafin safe ya tafi. Wanda na koya mata muna dawowa daga tafiya, jikinta da ɗumi, ko da ba ta kawo shi duka ba washegari, takan ce, "Tsaya, na san wanga." Yanzu tana da huɗu a hannu: T, U, D, A. Tana kiran U ƙwaryar da ba a rufe ba, D kuma mai ciki. Ba zan ce hujja ba ce, ɗaliba ɗaya ce kuma malaminta yana sonta. Amma na daina darasin yamma.

Ni ma wani abu ya same ni. Akwai wani yaro gurgu da na koyar a Wonaka, shekara biyu ina neman sunansa a kaina. Yau a bakin titin jirgi ya faɗo mini. Buba. Na faɗa da ƙarfi, har Tambaya ta waiwaya tana neman wanda nake kira.

Asabar, 5 ga Satumba, da safe

Arzika ya daina tsokana. Yanzu da ya hango mu yake ɗauraye kofi biyu. Ya ce tsohuwarsa ma ta fara sa takalmi a tukunya, ko ya riƙa fita da ita? Na ce ya fara kai ta asibiti, sannan ya fita da ita.

Talata, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Laifina ne. Ƙafarta ta yi ƙarfi, ta ce mu miƙe, na bi ta ina jin daɗi, ban lura da inda muka nufa ba sai da muka iso bakin kasuwa, wurin masu kayan miya. Abdu mai tumatir yana jera kwanduna. Ya gan mu, ya taso da fara'arsa, bawan Allah, ya ce, "Inna, sannu da fitowa. Ya jikar taki? Ta warware dai ko?"

Tambaya ta tsaya. Ta dubi Abdu, ta dubi rumfarsa, ta dubi wani dutse da ke gefen kwata. Ta kai hannu bayanta tana lalube. Na ce mu tafi. Ba ta motsa ba.

Ta ce, "A nan na sauke ta."

Tunda ta faɗa da bakinta, bari in rubuta. Ranar Laraba biyar ga Agusta ta goya Zulai ta fita sayen daddawa ba wanda ya gani. Ta sauke ta a kan dutsen nan don ta gyara zane. Ta dawo gida ita kaɗai da daddawar a hannu, ta kwanta. Awa huɗu muna nema. Fiddausi ta bi titi ba mayafi ba takalmi, tana leƙa kwatoci, ga ruwa an yi ranar, kwatocin a cike. Abdu ne ya tsinci yarinyar ta nufi titin manyan motoci, ya riƙe ta a rumfarsa, ya yi ta cigiya har aka gane.

Da ƙyar na kawo ta gida. Ba ta yi kuka a hanya ba. Sai da ta shiga ɗaki.

Laraba, 9 ga Satumba, da safe

Ta ƙi fita. Ba ta manta ba. Wata guda ina roƙon Allah ya sa ta riƙe abu ya kwana, ga shi ta riƙe.

Alhamis, 10 ga Satumba, bayan Magariba

Ta ƙi fita, ta ƙi abinci sai ruwan koko. Ta ce mini, "Malam, ku kai ni Bungudun. Na ji ku kuna magana. Wanda ya yar da jika a kasuwa ai ɗaure shi ya kamata." Na ce ciwo ne, ba hali ba ne. Ta ce, "Ciwon ya san ba hali ba ne? In ya sake hwa?"

Na ce ai ina nan. Ta ce, "Kai ma tsoho ne." Wannan ma gaskiya ce. Gidan nan kowa gaskiya yake faɗa mini.

Asabar, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina gyaran rediyo, sai na ga Tambaya ta fito ta nufi madafa. Fiddausi tana tankaɗe. Tambaya ta durƙusa a gabanta, da gwiwar nan mai ciwo. Fiddausi ta saki rariya ta ce, "Inna, subhanallahi, tashi!"

Ta ce, "Ba ni tashi. Na tuna abin da na yi miki. Ki yahe mini, ɗiyata. Kuma kada ki ƙara ba ni ita, ko na roƙa, ko na yi kuka."

Fiddausi ta zube ita ma. Ta ce, "Inna, ba fushi nake da ke ba. Wallahi in na dube ki kwatar nan nake gani. Na rasa yadda zan yi da idona." Suka riƙe juna, gari ya ɓata su duka biyu. Zulai ta zo ta tsaya tana kallonsu, sai ita ma ta fashe da kuka don kada a bar ta a baya. Shi ya sa su dariya.

Ni dai na yi ta murɗa rediyon da ba batir a ciki.

Lahadi, 13 ga Satumba, da hantsi

Mu huɗu muka fita. Fiddausi ce ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, da mayafinta, Zulai a bayanta. A bakin darbejiya ta sauke yarinyar, ta kama hannu ɗaya, ta ce, "Inna, kama ɗayan." Haka suka tafi, ni ina biye da su a baya.

Juma'a, 18 ga Satumba, da yamma

N da W sun shiga. W ta ba ta wahala, ta ce haƙoran zarto ne. Jiya ta ɓata rabin yini tana neman carbin da ke wuyanta. Duka biyun nake rubutawa, don kada in yaudari kaina.

Talata, 22 ga Satumba, bayan Azahar

Mun koma wurin Ummulkhairi, Dalhatu ne ya kai mu, ya shiga har ciki. Jini ya sauka. Sababbin kalmomi uku ta ba ta, ta kawo biyu, ta uku ta zo da aka ɗan tuna mata farkonta. Dalhatu ya ce, "Likita, ta warke ke nan?"

Ta ce, "A'a. Kuma kada ka ɗora rai a kan kalma biyu, wata rana za ta kawo ɗaya, wata rana babu. Abin da nake gani shi ne tana barci, tana cin abinci, tana hira, tana koyo. In ka kai ta inda za a zaunar da ita wata uku cikin baƙin fuskoki, ina tsoron wadda za ka ɗauko ba za ta gane ƙofar gidanku ba."

Ya ɗauki makullin mota muka fito. A hanyar dawowa muka biyo ta mahaɗar unguwa inda aka kafa allo. Tambaya ta buga masa kafaɗa ta ce, "Mai mota, tsaya." Ya taka birki. Ta leƙa ta taga tana bin allon da yatsa daga nesa, baƙi bayan baƙi. Na baya suna ta danna oda. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Tu-dun Wa-da. Unguwarmu ke nan." Ta san sunan tun da, na sani, kuma ta ga allon sau da yawa muna wucewa. Amma da yatsanta ta bi shi, kuma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Dalhatu ya kifa kai a kan sitiyari. Wani ɗan acaba ya zagayo yana masifa, ya leƙo ya gan shi, ya wuce abinsa.

Laraba, 30 ga Satumba, da safe

Ƙarshen wata. Tun asuba nake sauraron motar Dalhatu. Ya tayar da ita, ya shigo ya gaishe mu, ya ce lodin Funtuwa gare shi, zai biya ta Tsafe, ko akwai saƙo wurin Luba. Bai ambaci Bungudu ba, ni ma ban ambata ba. Kwaɗon yana nan, amma da dare kawai za a riƙa sa shi, mun yi wannan shawarar tare da ita Tambayar. Tambaya ta ce a gaya wa Luba takalmin ya fara cin dunduniya.

Lahadi, 4 ga Oktoba, bayan Azahar

Da safe na shiga ɗakinta na same ta a shirye, ta ɗaura kambas, tana zaune a bakin gado. Ta ɗago ta dube ni, kallon da ake yi wa baƙo. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ummulkhairi ta gaya mini irin wannan ranar tana iya zuwa. Sanin bai rage komai ba. Na dafa ƙofa. Na ce, "An aiko ni in raka ki tafiyar safe."

Ta ce, "Maigidana ya sani?"

Na ce shi ya aiko ni.

Ta yi ɗan tunani, ta tashi. Muka fita, tana barin tazara tsakaninmu kamar yadda mace mai mutunci za ta yi. Na gaida Arzika da hannu kawai. Da muka wuce kemis na ce mata, don dai in ji muryarta, "Wane irin mutum ne maigidan naki?"

Ta ce, "Malamin makaranta ne. Surutu gare shi, ko kaza ya samu sai ya karantar da ita." Muka ɗan ƙara gaba. "Amma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shekara takwas ban haihu ba, danginsa suka yi ta magana, ya ce shi bai ji ba. Ran da ya fara sayen nono wurina ya sha ƙwarya guda a tsaye, ashe nono ba ya zama masa a ciki. Kwana uku yana jinya, ya dawo ya sake saye." Ta yi dariya a cikin mayafi. "Kada ka gaya mishi na ce haka. Kansa zai kumbura."

Na ce ba zan gaya masa ba.

Muka kai titin jirgi, ta ƙirga katakonta, muka juyo. Rana ta ɗan ɗago, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Wajen darbejiya na ji an kama mini hannun riga. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, haka ka hito ba hula? Mutane na ganinka. Kuma mi ya samu idonka?"

Na ce hayaƙin Arzika ne.

Ta ce, "To mu tahi gida, koko na hucewa."